Wata a Bakuna Uku

Ƙarfe huɗun yamma, Tartu ta riga ta kunna fitilunta.
Kogin Emajõgi ya daskare daga gaɓa zuwa gaɓa.
Ni kuwa ina hawa na uku, shayina ya huce,
ina koya wa na'ura abin da 'yata Säde
ta iya tun ba ta gama fitar da haƙoran gaba ba.

Kuu. Haka muke kiran wata a nan.
In babana Endel ya faɗe shi, daga ƙasan rijiya yake tasowa,
shekara arba'in ta taba da iskar tafkin Peipsi
sun gurje masa maƙogwaro.
Nawa siriri ne, kamar cokali ya taɓa kofin gilashi.
Na Tanel, mijina, ta hanci yake bi,
balle in mura ta kama shi.
A allon kwamfuta, zanen muryoyin nan uku
ko gaisawa ba sa yi.

Amma Säde, wata goma a duniya,
ko wa ya ce kuu, taga take nunawa.

Na ɗura wa na'urar awa ɗari shida
ta surutun gidanmu da na maƙwabta:
tafasar tukunya, tari, rarrashi, gardamar kuɗin wuta.
Ban fassara mata ko kalma guda ba,
ai jariri ma ba a miƙa masa ƙamus.
Na ce, ware mini sautukan nan, kowanne da danginsa.

Da safe na tarar ta tara maza gefe, mata gefe,
tsofaffi ta kai su wani lungu su kaɗai.
Ta gane kowa, ba ta ji abin da kowa ya ce ba.
An aike ta ɗebo ruwa,
ta dawo tana ba ni labarin tulu.

Sai na koya mata ragi.
Auna tsawon hanyar murya, daga maƙoshi zuwa leɓe,
ki cire.
Cire kauri, cire karkarwa, cire mura.
Ki sheƙe mai magana kamar ƙaiƙayi,
abin da ya saura a hannunki shi ne wasalin.

Mako tara muna fama.
Ran wata Talata, u ɗin babana da nawa
suka faɗa ɗigo ɗaya.
Na kurma ihu, har Meelis na ofishin kusa
ya leƙo da burodi a bakinsa.

A watan Maris babana ya rasu.
Ƙanƙarar tafkin ba ta ma fara tsagewa ba.

Bayan kwana goma sha biyu, ina aiki a teburin kicin,
na manta ban sa wayar kunne ba,
na danna fayil na ɗari huɗu da sha bakwai.

Kuu.

Säde na ƙasa tana dukan murfin tukunya.
Ludayin ya tsaya a sama.
Ta dubi taga, ta ɗaga yatsa kamar kullum,
sai ta sauke shi.
Ta rarrafa, ta wuce ƙafafuna,
ta kama kujerar da ke kusa da murhu ta miƙe,
ta leƙa bayanta.
Ta leƙa ƙarƙashinta.
Ta juyo gare ni.

A allo, na'urar ta riga ta ba da amsa:
wasalin u, dogo,
tabbaci kashi casa'in da takwas cikin ɗari.
Mai magana: an cire.

Ran Juma'a zan aika maƙalar, lissafin ya yi daidai.
A shafi na shida na rubuta cewa yaro
yana zubar da murya don ya tsira da kalma.
Tun jiya nake sa yatsa a kan jimlar nan,
ban goge ba, ban wuce ta ba.

Säde ta yi barci da hular kakanta a ƙirji,
har yanzu tana warin taba da kifi.
Watan yana taga, ɓari guda.
Ba wanda ya kira sunansa.